Kogin Somme: Daga Kibiya Zuwa Igwa

A arewacin Faransa akwai wani kogi da ake kira Somme. Ba wani babba ba ne, tsawonsa duka kilomita 245, yana tafiya a hankali cikin fadamu, ya ratsa biranen Amiens da Abbeville, sannan ya faɗa tekun da ya raba Faransa da Ingila. Ƙasar da ke gefensa shimfiɗaɗɗiya ce, ta noman alkama, in ka ɗan haƙa ta sai ka tarar da farin alli. Sojojin Ingila sun sha zuwa bakin wannan kogi, amma zuwa biyu ne suka fi shahara: na watan Agustan 1346 da na ranar 1 ga Yulin 1916. Shekara 570 ke tsakaninsu. Na daɗe ina ganin cewa wanda ke son ya auna yaƙin dā da na yanzu, ya ɗora waɗannan biyun a kan sikeli, domin ƙasar ɗaya ce, kogin ɗaya ne, kuma tambayar da ta fi damuna a cikinsu ɗaya ce: idan ƙura ta lafa, gawar wa ake ƙirgawa?

Mu fara da mutanen da soja ya tarar a gida. A ƙarni na 14, cikin mutum goma a Faransa ko Ingila kusan tara manoma ne. Faransa ta fi kowace masarauta a Turai yawan jama'a, wajen miliyan 16, Ingila kuwa ba ta wuce biyar ko shida ba. Manomi yana zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na itace da yumɓu, jinkar ciyawa, murhu a tsakiyar ɗaki, hayaƙi yana fita ta inda ya samu kafa. In sanyi ya tsananta a shigo da saniya ta kwana a gefe. Abincinsa baƙin burodi ne da faten wake da ganye. Idan ya shuka mudu ɗaya na alkama ya girbe uku ko huɗu sai ya gode wa Allah, kuma ɗaya daga ciki irin baɗi ne. A abin da ya rage coci tana da ushirinta, ubangidan ƙasa yana da nasa. Da yawansu, musamman a Ingila, a ɗaure suke da gonar da aka haife su a kanta: ba a kai su kasuwa kamar bayi, amma ba su da ikon tashi su bar garin. Suna yi wa ubangida aikin gandu kwana biyu ko uku a mako. Hatsinsu dole a maniƙarsa za a niƙa, a biya. In za su aurar da 'ya a biya. In maigida ya rasu a zo a zaɓi dabbar da ta fi kyau a turkensa a wuce da ita. Duk dattijon da ke raye a 1346 ya ga babbar yunwar 1315 zuwa 1317, lokacin da ruwan sama ya ƙi ɗaukewa har amfanin gona ya ruɓe a tsaye.

A saman waɗannan akwai barade. Wanda ya taɓa ganin 'yan sulke da 'yan lifidi ranar hawan sallah ba ya buƙatar dogon bayani a kan siffarsu. Tun yana yaro ake koya wa ɗan babban gida hawa da sukar mashi. Dokin yaƙinsa kaɗai kan ci kuɗin da ɗan ƙodago zai shekara da shekaru bai tara ba. A kan sulke da farantan ƙarfe yana ɗora riga mai ɗauke da alamar gidansu, zaki ne ko fure ko gicciye, kuma wannan riga ita ce layarsa ta gaskiya. Tana gaya wa abokin gaba cewa mai ita ya fi amfani da rai, a kama shi a karɓi fansa. Talakan da aka ba mashi aka tura gaba ba shi da irin wannan riga.

Rigimar kanta ta gadon sarauta ce da ta ƙasa. A 1328 Sarkin Faransa Charles na Huɗu ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Edward na Uku na Ingila ɗan 'yar'uwarsa Isabella ne, amma manyan Faransa suka ce sarauta ba ta bi ta ɗakin mace, suka naɗa ɗan baffan marigayin, Philip na Shida. Ga kuma lardin Gascony, wanda sarakunan Ingila ke riƙe da shi a cikin Faransa bisa mubaya'a. A 1337 Philip ya ce ya ƙwace shi. Nan aka ɗaura yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari, wanda sai a 1453 ya ƙare.

Ranar 12 ga Yuli, 1346, Edward ya sauka a gaɓar Normandy da mayaƙa tsakanin dubu 10 zuwa 15. Takardun albashin sojan wancan zamani suna nan, kuma da irin lissafin kuɗin Ingila da kakanninmu suka sani aka rubuta su: barde sule biyu a yini, ɗan baka mai doki sisi, ɗan baka na ƙasa taro, ɗan mashi daga Wales kobo biyu. Sisi a yini kuɗi ne mai kauri a lokacin da ɗan ƙodago ke samun kobo ɗaya ko biyu. A cikin rundunar akwai ɗaruruwan masu laifi, har da masu kisan kai, waɗanda aka yi wa alkawarin afuwar sarki in sun yi yaƙi. Abin da suka zo yi Faransawa suna kiransa chevauchée, wato hawa. Mu da mun ce hari. Rundunar takan bazu ta yi faɗin kilomita masu yawa, ta riƙa tafiya tana kwashe abin da zai ɗauku, tana cinna wa saura wuta: rumbuna, maniƙa, gonakin da alkama ta nuna tana jiran lauje. Da gangan ake yi, kuma da lissafi. Talakan da aka ƙone ba zai biya wa Philip haraji ba, sannan kowa zai ga cewa sarkin da ya kasa kare talakansa bai cika sarki ba. Ranar 26 ga Yuli suka faɗa wa birnin Caen, wanda a Ingila Landan ce kaɗai ta fi shi girma. Dubban mazaunansa aka kashe a tituna da cikin gidaje. Babban kwamandan Faransa da ke ciki, mai sarautar Eu, ya hango wani barden Ingila da ya sani, Thomas Holland, ya miƙa masa wuya, ya tsira da ransa.

Daga nan aka yi ta bin juna. Faransawa sun karya gadojin kogin Seine, Edward ya gyara ta Poissy ya haye, ya nufi arewa. Da ya iso Somme sai ya tarar an tsare kowace gada, ga Philip a bayansa da rundunar da ta fi tasa yawa, abinci ya ƙare, takalman soja sun tsinke. Wani mutumin yankin ne ya nuna masa mashigi a ƙasa da Abbeville, inda kogin ke buɗewa ya haɗu da teku. Sunan wurin Blanchetaque, saboda farin allin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwan, mai ƙarfin da keken kaya zai bi bai nutse ba. Sai ruwan teku ya janye ake iya shiga. Da safiyar 24 ga Agusta 'yan baka suka shiga ruwa har ƙugu, suna harbin masu tsaron ɗaya gaɓar, barade suka biyo. Kafin Philip ya iso ruwa ya dawo ya rufe hanya.

Kwana biyu bayan haka, ranar Asabar 26 ga Agusta, Edward ya tsaya a wani gangare kusa da ƙauyen Crécy. Ya sa baradensa suka sauka daga dawakai suka tsaya a ƙasa kamar dakaru, ya jera 'yan baka, aka haƙa ƙananan ramuka a gaba don karya ƙafar doki. Sahun gaba yana hannun ɗansa, yaro ɗan shekara 16, wanda daga baya aka sani da Baƙin Yarima. Shi kansa ya tsaya a wajen wata maniƙa mai aiki da iska da ke kan tudu, inda yake hangen filin duka. Bakan nan na Ingila ya kai tsayin mutum, kuma jan tsirkiyarsa sai wanda ya tashi da shi tun ƙuruciya. Ƙasusuwan 'yan baka da aka ciro daga jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, sun nuna yadda aikin ke sauya kafaɗa da hannun mutum. Gwani kan saki kibiya takwas ko goma a minti guda.

Faransawa sun iso da la'asar, a gajiye, a tarwatse a kan hanyar Abbeville. Waɗanda aka tura leƙen asiri suka ba Philip shawarar a bari sai gari ya waye. Amma na baya suna ta turo na gaba, ba barden da ke son a ce wani ya riga shi. Aka tura sojojin haya na Genoa su buɗe fage. Nasu bakan mai gindi ne kamar bindiga, ana ɗana shi da ƙugiya, yana da ƙarfi amma yana da nawa, shi ya sa mai shi ke fakewa bayan wata doguwar garkuwa yayin da yake ɗanawa. Garkuwoyin nan kuwa suna can baya a cikin kekunan kaya. Marubutan lokacin sun ce an yi ruwa ya jiƙa musu tsirkiya, da ya ɗauke kuma rana ta fito tana dukan idanunsu. Suka yi kururuwa suka harba, kibansu suka kasa isa. Sai na Ingila suka sauko musu. Mutanen da ba su da mafaka suka juya da baya, baraden Faransa kuwa suka ɗauka cin amana ne, suka sako dawakai a kansu suna sara. Gaba kura, baya sayaki. A kan wannan cakuɗi na mutane da dawakai kibau suka ci gaba da zuba.

Baraden Faransa sun yi ta kawo hari har dare ya raba, sahu bayan sahu, kowane yana hawa kan gawar na gabansa. Ba wanda zai ce ba su da zuciya. Sarkin Bohemia, John, makaho ne, amma ya sa aka ɗaure linzamin dokinsa da na mutanensa don su kai shi inda zai kai sara, kuma a nan aka tsinci gawarwakinsu. Ƙanin Philip, mai sarautar Alençon, ya mutu, haka mai Flanders da mai Lorraine. Philip da kansa an kashe doki a ƙarƙashinsa, kibiya ta same shi a fuska, da ƙyar aka janye shi. Washegari da hazo, wasu rundunonin talakawan birane suka iso ba su san an riga an sha kashi ba, aka karkashe su a gonaki.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Edward ya tura manyan barade da sankirori da magatakarda su bi filin gawa bayan gawa, suna duba alamar da ke kan riga suna rubuta mai ita. Wani magatakardan sarki, Michael Northburgh, ya aika wasiƙa gida da adadin: 1,542, kuma ya faɗa a fili cewa ban da talakawa da dakaru. Su waɗannan an haƙa manyan ramuka an zuba su. Har yau masana tarihi kintace suke yi a kan yawansu. Manoman da aka ƙone daga Normandy zuwa Somme kuwa ko a kintacen ba su shiga ba.

Daga Crécy Edward ya je ya kewaye Calais, ya zauna wata goma sha ɗaya. Kewaye gari shi ne ainihin yaƙin wancan zamani, gwabzawa a fili ba ta cika faruwa ba, kuma makaminsa yunwa. Da abinci ya yi ƙaranci masu tsaron garin suka koro marasa ƙarfi waje. Na farko an bar su sun wuce. Na baya, wajen mutum 500, Ingilawa suka hana su hanya, nasu suka ƙi buɗe musu ƙofa, suka mutu a ramin ganuwa kowa yana kallo. A sansanin masu kewayen ma atini yana ta ɗibar mutane. Garin ya miƙa wuya a farkon Agustan 1347, ya zauna a hannun Ingila har 1558.

Ana wata ga wata. A watan Oktoban 1347 jiragen ruwa suka shigo Sisili da annobar da ake kira Baƙar Mutuwa. A 1348 ta mamaye Faransa ta haye Ingila. Ita ce ta kashe iyayen Ibn Khaldun biyu a Tunis, ita ce Ibn Battuta ya tarar a Dimashƙa. A Turai ta tafi da kashi ɗaya cikin uku na jama'a, wasu wuraren rabi. Abin da kibiya da takobi suka yi a shekaru goma bai kama ƙafar abin da ta yi a wata goma ba. Da ma'aikata suka yi ƙaranci sai ladan aiki ya tashi, talaka ya fara sanin darajar hannunsa. Nan da nan masu ƙasa a Ingila suka sa aka yi doka a 1349, aka ƙarfafa ta a 1351, wadda ta hana biyan lada sama da na kafin annoba.

Yaƙi bai tsaya ba. A 1356 Baƙin Yarima ya kama Sarkin Faransa John na Biyu a Poitiers. An kai shi Landan cikin girmamawa, aka yanka masa fansar zinariya miliyan uku a yarjejeniyar Brétigny ta 1360. A wannan shekara ce, da sarkin ya dawo gida, aka fara buga kuɗin da ake kira franc, sunan da har yanzu ke kan takardar sefa a aljihun mutanen Maraɗi da Damagaram. Kuɗin fansar kuwa daga harajin talaka aka tatso shi. Kuma duk lokacin da sarakuna suka tsagaita wuta, sojojin da aka sallama ba sa komawa gida. Sukan haɗa ƙungiya su kama wata ganuwa ko tsohon gidan sarauta, su aika wa ƙauyukan kewaye cewa ga abin da za su riƙa kawowa, kuɗi da hatsi da dabbobi, in suna son a bar su su yi noma. Wannan haraji sunansa patis. Wanda bai biya ba a ƙone shi, ko a kama shi a azabtar har danginsa su kawo fansa. Ba na jin akwai mai karatu daga Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato da zai ji wannan labari ya ce baƙo ne a kunnensa. Inda hukuma ta janye hannunta, mai makami yakan gano wannan sana'a ko a wane ƙarni yake. A 1358 manoman arewacin Paris suka gaji, suka tashi a kan iyayen gidan da ke karɓar haƙƙi ba sa ba da kariya. Cikin makonni kaɗan barade suka murƙushe su, aka yaudari shugabansu Guillaume Cale da sunan sulhu aka kashe shi.

Abin da ya fitar da Faransa daga wannan hali shi ne ya haifi yaƙin zamani. Sarki Charles na Bakwai ya mayar da haraji na dindindin, a 1445 ya kafa rundunar da ke cin albashi ko ana yaƙi ko ba a yi, ya zuba kuɗi a igwa. A Crécy ma Ingilawa suna da 'yan ƙananan igwogi, amma ƙararsu ta fi ɓarnarsu. Zuwa 1453, shekarar da igwogin Muhammadu Alfatih suka fasa ganuwar Kustantiniya, igwogin Jean Bureau suka ragargaza rundunar Ingila a Castillon. Daga nan yaƙi ya fara fita daga hannun mai doki yana komawa hannun mai baitulmali da maƙera.

A 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa sun zama ƙawaye, Jamus ce abokiyar gaba. Babbar hedikwatar sojojin Birtaniya tana Montreuil, tafiyar da ba ta kai yini guda a kan doki ba daga Crécy. Sojan da ke kwance a ramukan Somme ɗan ƙasa ne mai 'yanci, ya yi makaranta, yana rubuta wa uwarsa wasiƙa, yana karɓar sule guda a yini. Yawancinsu da kansu suka kai sunansu. An yi musu alkawarin cewa waɗanda suka shiga tare za su yi aiki tare, don haka aka sami bataliyoyin 'yan gari ɗaya, 'yan masaƙa ɗaya, 'yan ofis ɗaya. Tun daga 24 ga Yuni aka yi mako guda ana luguden igwa, harsashi sama da miliyan ɗaya da rabi, aka gaya wa soja cewa ba abin da zai saura a gabansa. Amma Jamusawa sun haƙa ɗakuna a cikin allin nan, wasu zurfin mita goma, sun zauna a ciki suna jira. Yawancin wayar ƙaya ba ta tsinke ba, harsasai da yawa ma ba su fashe ba.

Da ƙarfe 7:28 na safiyar 1 ga Yuli nakiyar da aka binne kusa da ƙauyen La Boisselle ta tashi, ta bar ramin da har yau ake zuwa kallo. Da 7:30 igwa ta ɗaga, hafsoshi suka busa usur, mutane suka hau tsani suka fito fili, kowa da kayan da suka kai kilo 30 a jikinsa. Jamusawa suka hauro daga ƙarƙashin ƙasa suka kafa bindiga mai ruwa, wadda ke zubar da harsashi wajen 500 a minti. Mutum biyu ko uku a bayanta suna yin aikin 'yan baka hamsin, kuma ba sai sun tashi da ita tun ƙuruciya ba. 'Yan garin Accrington su wajen 720 suka fita, 584 aka kashe ko aka raunata. 'Yan Newfoundland wajen 800 suka fita a Beaumont-Hamel, washegari 68 suka amsa kiran suna. Kafin rana ta faɗi Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, daga ciki 19,240 matattu. A wuni ɗaya an kashe fiye da dukan rundunar da Edward ya haye teku da ita.

Kuma ba a tsaya ba. A Crécy dare ya raba faɗa, a Somme sai da aka yi kwana 141, har 18 ga Nuwamba. Ranar 14 ga Yuli an ga sauran tsohon zamani, lokacin da mahaya dawakai na Birtaniya da na Indiya suka kai hari da māsu a kusa da dajin High Wood. Ranar 15 ga Satumba aka ga sabon, lokacin da tankokin yaƙi suka fara shiga fage a tarihi. Da aka tashi, ɓangarorin duka sun yi asarar sama da mutum miliyan ɗaya, matattu da raunanu da kamammu, kuma ci gaban da aka samu bai wuce kilomita goma ba. Ƙauyuka irin su Pozières da Thiepval sun shafe daga doron ƙasa. Har yanzu garmar manoman wurin tana tono harsasan da ba su fashe ba, su ajiye a bakin gona a zo a kwashe.

Akwai masu cewa yaƙin dā ya fi mutunci tunda sarki da kansa ke shiga. Gaskiya ne Philip ya sha kibiya, ɗan Edward ya tsaya a sahun gaba, alhali a 1916 an hana Yariman Wales shiga fagen daga. Amma kada a manta mutuncin nan tsakanin masu riga ne kawai, kuma a Somme ma 'ya'yan manya sun mutu da yawa, har da Raymond Asquith, ɗan Firayim Minista. Akwai kuma masu cewa zamani ya kawo tausayi. Su ma suna da hujja: mai rauni a 1916 yana da masu ɗaukarsa, da asibiti, da allurar riga-kafi, kuma talakan da aka kama yana da dokar Hague ta 1907 a bayansa, da ofishin Red Cross a Geneva da ke rubuta sunansa a kati don a sanar da iyalinsa. Sai dai hukumar da ta iya rubuta sunan kowa don ta kula da shi, ita ce ta iya rubuta sunan kowa don ta kira shi. A wannan shekara ta 1916 Birtaniya ta fara ɗaukar soja dole. Ikon Edward a kan talakansa bai taɓa kai wannan ba.

Duk da haka ina ganin suna ba ƙaramin abu ba ne. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan sojojin daular Birtaniya, bisa ƙa'idar cewa janar da kurtu dutse iri ɗaya za a kafa musu. A Thiepval an gina wata ƙatuwar ƙofa, aka buɗe ta a 1932, an sassaƙa mata sunaye sama da dubu 72 na waɗanda suka mutu a Somme ba a san kabarinsu ba. Jikan ɗan bakan da aka zuba a rami ba suna, yau ko ba a ga gawarsa ba sunansa yana kan dutse.

Sai dai ƙa'idar ba ta haye teku da kowa ba. A wannan yaƙin dai, sojojin Najeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne kuma Hausa ce harshen barikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru, sannan a ƙarshen 1916 aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka, inda suka sha mummunar asara a Mahiwa a watan Oktoban 1917. Tare da sojoji akwai ɗimbin 'yan dako da cuta da yunwa suka kashe. A 2021 hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum dubu 116, mai yiwuwa har dubu 350, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, kuma wasu dubbai, har da 'yan Afirka ta Yamma, ba a yi musu daidai da Turawa ba. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Sama da shekara 570 bayan wasiƙar Northburgh, ana nan ana ƙirga wasu ana tsallake wasu.

Mu ma a yau haka labarin ƙauyukanmu ke zuwa a rediyo: an kai hari, an kashe mutane da dama. Kwana biyu a manta da sunan garin, balle na mutanen. Ina roƙon dagatai da limamai da malaman makaranta na duk garin da wannan masifa ta taɓa, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta sunan kowane mamaci da sunan mahaifinsa da ranar da aka kashe shi da inda aka binne shi, mace da namiji, babba da yaro. A yi kwafi biyu, ɗaya a gidan dagaci, ɗaya a masallaci.